Zuwa ga wakilan zango a Majalisar Dokokin Gana: muna biyan kuɗin gem, amma ba a san da mu ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma wakilanmu na Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, da Ablekuma ta Tsakiya, da Madina, da Asawase, da sauran mazaɓun da zango ke da ƙuri'a a cikinsu, ranku ya daɗe.

Ni mai gidan gem ne a unguwar Nima da ke Ankara, babban birninmu. Ɗaki ne guda da talabijin da benci da na'urorin PlayStation, samari su biya su buga ƙwallo. Na san wasunku da jin haka za su ce ga kwata ta toshe, ga matasa ba aikin yi, wa ke da lokacin wasan yara. Ku daure ku karanta. Maganar ciniki na kawo muku. Mutanen mazaɓunku suna fitar da dala suna sayen kaya, kuma babu wata hukuma, ta gida ko ta waje, da ta san su a matsayin masu saye.

Duk wanda ya sayi PlayStation, kafin ya sayi wasa ta intanet ko ya kara da wani daga nesa, sai ya buɗe asusu. Wajen buɗewa ana jero masa sunayen ƙasashe ya zaɓi tasa. Gana ba ta ciki. Najeriya ba ta ciki, Kenya ma haka. A duk Afirka kudu da Sahara, Afirka ta Kudu ce kaɗai ta samu shiga. To yaro ya ya zai yi? Sai ya danna Amurka, ya nemo adireshin wani otal a intanet ya liƙa, galibi a Delaware ko Oregon don an gaya masa can ba a ɗora harajin ciniki. Katin bankinsa na Gana ba zai dace da wannan adireshi ba, saboda haka sai ya tura MoMo, wato kuɗin waya, ga wani dillali ya sayo masa katin kuɗi na shagon Amurka, dillalin ya ɗora ribarsa. Ƙa'idar da yaron ya danna ya amince da ita ba tare da ya karanta ba ta ce dole bayanan da ya bayar su zama na gaskiya, in ba haka ba ana iya rufe asusun. Ƙasar da ka zaɓa ranar farko kuma ba a canja ta daga baya. Wato tun daga ƙofa an sa shi cikin masu laifi, kuma duk abin da ya tara a asusun nan yana riƙe da shi ne bisa kawar da kai na kamfani.

Abin da ya fi ci mini rai, yaran nan da yamma Kudus suke ɗauka su zura ƙwallo da shi. Mohammed Kudus ɗan Nima ne, a filayen ƙurar unguwar nan ya fara kafin ya wuce makarantar Right to Dream, ya tafi Denmark, ya tafi Ajax da West Ham, har Tottenham ta saye shi a 2025. An sa fuskarsa da gudunsa a cikin wasa ana sayar wa duniya, amma ƙannensa na unguwa sai sun ce su mutanen Delaware ne kafin a karɓi kuɗinsu.

Kada ku ɗauka tsoro ne kawai na mai shago. A watan Mayun 2024 kamfanin Sony, mai PlayStation, ya sanar cewa duk mai buga wasan Helldivers 2 a kwamfuta dole ya haɗa shi da asusun PlayStation. Nan da nan aka janye wasan daga Steam, shagon intanet na wasannin kwamfuta, a ƙasashe da yankuna fiye da 170 da ba su da damar buɗe wannan asusu. 'Yan wasan Turai da Amurka suka yi caa, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye sharaɗin, amma ƙofar saye ta ci gaba da zama a rufe ga waɗancan ƙasashe har sama da shekara guda. Waɗanda ke cikin jerin sun yi ihu an saurare su. Mu da muke waje, da sauƙin da aka samu da jinkirin da aka yi, duk a labari muka ji.

Ko waɗanda ke cikin jerin ma ba su tsira ba, kuma nan ne nake so ku fi tsayawa. Wasan da mutum ya biya ta intanet ba mallakinsa ba ne. Izinin amfani aka ba shi, izinin kuma yana hannun wanda ya bayar. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wasan tseren mota mai suna The Crew a 2014. A Disambar 2023 ya daina sayar da shi, a ƙarshen Maris na 2024 ya kashe manyan kwamfutocin da wasan ke dogara a kansu. Daga ranar wasan ya mutu a hannun kowa, har wanda ya sayi faifai yana ajiye a ɗakinsa. Turawa ba su bari ta wuce ba. Suka tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya a 2025 don tilasta wa hukumar Tarayyar Turai ta duba maganar. Jihar Kalifoniya kuwa ta yi doka a 2024, ta fara aiki a farkon 2025, cewa dole shago ya faɗa wa mai saye ƙarara izini yake biya wa, ba mallaka ba. Nintendo ya rufe shagon 3DS da Wii U a Maris na 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 a Yulin 2024. Waɗannan na'urori da ake kira tsofaffi a can, su ne irin waɗanda ke sauka a tashar Tema cikin kayan gwanjo.

Wani maƙwabcina a sana'a an rufe masa asusu da wasannin da ya tara cikin shekaru. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Ya rubuta musu, suka nemi ya tabbatar da adireshin da ke kan asusun, adireshin kuwa na wani kantin da bai taɓa gani ba ne. A nan magana ta ƙare. Ko mai gidan haya a Ankara da ya karɓi kuɗin shekara biyu gaba ɗaya, in ya tashi watso maka kaya akwai ofishin kula da haya da za ka kai kuka, ko da za a ja ka da jeka ka dawo. Wannan bawan Allah bai da ko ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Dokarmu ta saye da sayarwa tun 1962 aka yi ta, lokacin da kaya yana nufin abin da za ka ɗora a kai ka kai gida. Dokar hada-hadar lantarki ta 2008 ma ta girmi wannan kasuwa.

Abin da ya riƙe sana'ar nan a zango shi ne faifai. Faifai kana iya sayen na hannu a Circle ko a Adum, ka gama ka sayar, ka yi musanya da abokinka, ka ara wa ƙaninka. Faifan ƙwallon bara da Bature ya gaji da shi yana iya ciyar da gidan gem a Aboabo wata da watanni. To faifan nan ake janyewa sannu a hankali. Xbox Series S tun 2020 ba ta da wurin sa faifai. PlayStation 5 (PS5) Pro da ta fito a Nuwamban 2024 a kan dala 700 ba ta zo da shi ba, sai ka ƙara dala 80 ka saya daban. A Switch 2 ta Nintendo kuma an ƙirƙiro wani irin kati da ake sayarwa a kwali kamar na da, amma babu wasan a ciki, mabuɗi ne kawai, sai ka je intanet ka sauke. Wasu wasannin yanzu sun haura gigabait 100. Ku da kuka san kuɗin data a ƙasar nan ku lissafa.

Akwai darasi a abin da ya faru a 2013. Microsoft ya fito da Xbox One da shirin taƙaita sayar da faifan hannu da tilasta wa na'ura ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace rana. Jama'a suka ƙi, Sony ya yi musu dariya a bainar duniya, kafin watan Yuni ya ƙare Microsoft ya janye. Yau abin da aka ƙi a wancan lokaci yana dawowa ba tare da sanarwa ba.

Mu a Gana ma mun ɗanɗana. Ranar 14 ga Maris na 2024, a makon farko na azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasa ta shiga duhu kwana da kwanaki. Lokacin ne kuwa gidajen gem suka fi ciniki, bayan tarawihi zuwa sahur. Na'urar da ke da faifanta ta ci gaba da aiki. Wasannin da ba sa tashi sai da intanet, da asusun da dillalai ke rabawa tsakanin na'ura biyu don rage tsada, waɗanda sai an tabbatar da izininsu kafin su buɗe, duk suka nuna alamar kwaɗo a kulle. Mutum ya biya kuɗinsa, na'ura tana gabansa, wuta tana nan, amma an ce ya jira a ɗinke waya a ƙasan teku.

Sai maganar farashi. A da na'ura tana tsufa tana sauka. PS2 ta fito a Amurka a 2000 a kan dala 299, ta sauko 199 a 2002, ta kai 99 a 2009. PS4 ta fara da 399 a 2013, bayan shekara uku ta dawo 299. Da wannan saukar ne irinmu muke samun shiga, a makare amma muna shiga. PS5 ta fito a Nuwamban 2020 a kan dala 500, a Agustan 2025 aka mai da ita 550. Xbox Series X da ta fara da 500 ta kai 650 a cikin 2025. Wasa ɗaya ya tashi daga dala 60 zuwa 70, Nintendo ya sa 80 a kan sabon Mario Kart. Mafi ƙarancin albashi a Gana a 2025 sidi 19.97 ne a rana. Ko an lissafa dala a sidi 11, wasan dala 70 ya kama sidi 770, kusan aikin kwana 39 ke nan. Ba'amurke mai karɓar mafi ƙarancin albashin tarayya, dala 7.25 a awa, bai cika awa goma ba ya haɗa kuɗin. Ban sa kuɗin fito ba, ban sa harajin VAT ba, ban sa ribar wanda ya ɗauko ta daga Dubai a jakarsa ba. Garanti kuma yawanci na baka ne. Ga sidi da ba ya zama wuri ɗaya: a farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, a ƙarshen 2024 ta kai 16, sannan ta sauko a 2025. Wanda ya yi oda a lokacin tashi ya san abin da ya sha.

Ba na cewa kamfanonin nan kuɗi suke haƙa daga rijiya. Babban wasa yana cin ɗaruruwan ma'aikata da shekaru biyar ko shida da ɗaruruwan miliyoyin dala, kuma yana iya faɗuwa. Sony ya janye wasan Concord mako biyu bayan fitowarsa a 2024 ya mayar wa mutane kuɗinsu. Microsoft da ya sayi Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69 ya sallami ma'aikata 1,900 a Janairun 2024, Sony ya sallami 900 a Fabrairu. Na yarda da duk wannan. Amma wasan da aka riga aka gama, sauke kofi ɗaya a Mamobi ba ya ƙara musu wani kuɗi na a zo a gani. Shagon Steam yana barin masu wasa su sa farashi daban ga yankuna daban. Spotify da ya shigo Gana a 2021 da farashin sidi ya shigo. Ba abu ne da ba a san yadda ake yi ba. In an ƙi sayar wa mutum a farashin da zai iya, ba zai daina wasa ba, sai ya kai na'urarsa a fasa masa ita a zuba masa wasanni talatin a kan kuɗin ɗaya. Kowa ya san ana yi, kuma ba na wanke masu yi. Sai dai kamfani ya rasa kuɗin, gwamnati ta rasa harajin, yaro kuma ya tashi da sanin cewa hanyar gaskiya ba tasa ba ce.

Mu masu gidajen gem ma a kan siraɗi muke. Izinin da ke tare da wasannin na amfanin mutum ne a gidansa, ba na kasuwanci ba. Kamfanin Valve, mai shagon Steam, yana da lasisi na musamman don shagunan kwamfuta. Da za a kawo mana irinsa a na'urorin ɗaki, a farashin da ya dace da cinikin sidi biyu da sidi biyar, da yawanmu za su biya su huta da fargaba.

To me nake roƙo? Shekara da shekaru ana maganar cikakkiyar dokar kare mai saye a ƙasar nan. Duk ranar da wannan magana ta zo gabanku, ko a sabon ƙuduri ko a gyaran tsoho, ku tabbata kayan da ake saukewa ta intanet suna ciki. A tilasta a faɗa wa mai saye ko izini ne ko mallaka. In za a kashe wasa a ba da sanarwa da wuri, a kuma bar hanyar buga shi ba tare da kamfani ba, ko a mayar da wani abu. Kada a rufe asusun da ke ɗauke da kayan kuɗi sai an faɗi dalili an kuma ba da damar ɗaukaka ƙara. Wannan ba gem kaɗai zai amfana ba. Littafin da ɗalibi ya saya a waya, da manhajar da tela ko mai ɗab'i ke biya duk wata, duk hukuncinsu ɗaya.

Amma doka ba ta kama wanda bai yarda yana kasuwanci a ƙasarka ba, shi ya sa shiga jerin nan ya fi komai. A 2025 mun ga ministan sadarwa, Samuel Nartey George, ya tsaya kai da fata da MultiChoice a kan kuɗin DStv, ya nemi ragin kashi 30, aka yi ta ja-in-ja har aka zauna aka sasanta, masu kallo suka samu ƙarin tashoshi a kan abin da suke biya. Na san akwai bambanci, DStv tana da lasisi a hannun hukumar sadarwa ta ƙasa, Sony da Nintendo ba su da wani lasisi da za a yi musu barazana da shi. Kuma ƙasa mai mutum miliyan 30.8 a ƙidayar 2021 ba za ta girgiza su ita kaɗai ba. Amma sakatariyar yankin ciniki maras shinge na Afirka a nan Ankara take, kuma an amince da yarjejeniyarta ta cinikin intanet a 2024. Gana da Najeriya da Kenya da Kwaddibuwa su rubuta takarda ɗaya: ku sa mu a jeri, ku karɓi kuɗinmu na gida da MoMo, mu kuma mu sauƙaƙa muku rajistar haraji. Sony ya san da kasuwar. Asusunsa na zuba jari ya sa kuɗi a kamfanin Carry1st na Afirka ta Kudu a farkon 2024, kamfanin da aikinsa ya haɗa da sauƙaƙa wa 'yan Afirka biyan kuɗin wasa. Tambaya a zauren majalisa daga ɗayanku ba za ta ci ko sisi ba.

Akwai abin da iyaye da malamanmu ya kamata su sani, ko da zai rage mini ciniki. A cikin wasan ƙwallo na kamfanin EA akwai sashen da ake sayen ƙunshin 'yan wasa a rufe, ba ka san wa ke ciki ba sai ka biya ka buɗe. Yawanci tarkace ne, wani lokaci a dace da gwani, sai a sake saye. Ƙasar Beljiyam ta ce wannan caca ce tun 2018, kuma EA ya daina sayar da kuɗin wasan a can a farkon 2019. A unguwannin da shagon caca ke kowace kwana, yaro ɗan shekara goma sha biyu yana koyon wannan ɗabi'a da hannun gem. Hukumar kula da caca ta ƙasa, wadda dokar 2006 ta kafa, tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, ma'aikatar da aka damƙa wa wakilin Asawase a 2025. Ranka ya daɗe, a duba. Ni dai a ɗakina ba a buɗe wannan sashe, mai yunifom ba ya shiga sai an tashi makaranta, kuma in an kira magariba talabijin yana mutuwa ko ana bugun fenariti. Masu cewa a rufe gidajen gem baki ɗaya su tambayi kansu ina yaran za su koma da ƙarfe huɗu na yamma.

Abu na ƙarshe shi ne yin wasan da kanmu. Tun 2009 Eyram Tawia da abokinsa Wesley Kirinya ɗan Kenya suka kafa Leti Arts a Ankara suna yin wasanni daga tatsuniyoyin Afirka. A Kamaru, Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016. Kayan aikin sun yi araha: manhajar Godot kyauta ce, rajista a shagon Google dala 25 ce sau ɗaya, sa wasa a Steam dala 100. Sony yana da shirin tallafa wa ƙananan masu ƙirƙira a Sin tun 2016, ya buɗe na Indiya a 2023, ya buɗe na Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka a 2024. Namu yankin shiru. Ga labari kuwa jibge a zango ba wanda ya taɓa. Madugu ya taso da ayari daga Kano zuwa Salaga fataucin goro, jakuna da kanwa da fata, ga fito a bakin Kwara, ga sarakunan hanya kowa da garamarsa, ga goron da sai an riƙa buɗe shi ana yayyafa ruwa ana tsince mai ƙwari kafin a kai gida. Wasan dabara ne cikakke, da riba da asara da amana. Ga dambe, ga dara, ga langa. Yaran da ke zama a bencina sun san dalilin da ya sa wasa ke daɗi ko ya gundura fiye da duk wani mai digiri, kuma akwai cikinsu wanda ke warware hannun gem da ya fara ja gefe ya gyara shi da ƙaramin sukurdireba.

Ina roƙon shirin horar da matasa miliyan ɗaya rubuta manhaja da gwamnati ta ƙaddamar a Afrilun 2025 ya sa ƙirƙirar wasa a cikin darussansa, kuma a kawo aji cikin Nima da Sabon Zango da Aboabo, ba sai yaro ya hau trotro biyu ba. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 yana iya ɗaukar nauyin ɗaki ɗaya a kowace babbar unguwa, da kwamfutoci masu ƙarfin zane, da wutar da ba ta ɗaukewa, da malamin da ake biya a kan lokaci. Ba na nufin bikin yanke kyalle a raba takardar shaida bayan mako biyu. Wasa ko ƙarami ne yana cin watanni. A kuma duba kuɗin fito a kan kwamfuta da kayan gwaji na wanda ya yi rajistar kamfanin ƙirƙira.

In kwamitin sadarwa na majalisa zai zauna a kan ɗaya daga cikin waɗannan, ku aiko a kira mu. Masu gidajen gem, da masu gyara na Circle, da dillalan kati, za mu zo da rasit ɗin MoMo da hotunan asusun da aka rufe, kuma za mu zo da tafinta ga wanda Turancinsa bai kai na majalisa ba.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani mai gidan gem
Nima, Ankara